Manhajar da ta shafa mini jan fenti a makon da babu wuta

Zango huɗu ke nan muna amfani da manhajar koyarwa da auna ƙwazon malamai da makarantarmu ta saya, kuma abokan aiki daga wasu makarantu sun yi ta tambayata ko su shawarci masu makarantunsu su ɗauke ta. Ba zan kama sunanta ba, domin duk wanda ke koyarwa a makarantar kuɗi a Kano ya san irinta, ya kuma san abin da ake karɓa kan kowane ɗalibi a zango.

Ni malamin lissafi ne, ina riƙe da 'yan aji uku na babbar sakandare masu shirin WAEC da NECO da JAMB. Tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, babbar damuwarmu ita ce yaron da ya iya lissafi a takarda amma da zarar ya zauna gaban na'ura, agogo yana tafiya, sai ya rikice. A nan kam manhajar ta burge ni. Nakan ɗora gwaji, yara su amsa a waya cikin ƙayyadadden lokaci, ita kuma ta ba da maki nan take, ta nuna mini tambayar da ta fi kayar da su. Ta haka na gano cewa matsalar ajina ba ta wuce alamar ɗebewa da suke yarwa a tsakiyar aiki ba, alhali na daɗe ina zaton darasin ne gaba ɗaya bai shiga ba. Wanda ya yi koyarwa a lokacin kullen korona na 2020, yana ɗaukar hoton allo yana turawa ta WhatsApp, zai san cewa wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. A zangon farko da an tambaye ni, da tauraro huɗu zan ba ta ba tare da tunani ba.

Sai ga watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata manyan layukan wuta, Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu. Wayoyinmu suka mutu, layi ya yi tsawo a wurin masu caji, sabis ya zama sai an hau sama an ɗaga hannu, janareton makaranta kuwa tun bayan cire tallafin mai a 2023 ba a tayar da shi sai don ofis. Ban tsallake darasi ko ɗaya ba a wannan lokaci. Na koma kan alli da allo, na rubuta gwaji biyu da hannu, na duba takardun da dare da hasken fitila. Da rahoton ƙarshen wata ya fito, sai na ga sunana da jan launi, wato malamin da ya gaza.

Ashe abin da manhajar ke ƙirgawa shi ne sau nawa malami ya shiga, darasi nawa ya ɗora, da kuma saurin amsa saƙon ɗalibai. Duk abin da bai bi ta waya ba, a wurinta ba a yi shi ba. Mataimakin shugaban makaranta ya kira ni, na je da rajistar aji da tarin takardun da na duba, ya jujjuya su ya ce, “Malam, wallahi na yarda da kai, amma na'ura ce ta lissafa, kuma ni ba ni da wurin gyarawa.” Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani abokin aikinmu mai sola a gida, wanda ya wuni yana ɗora bidiyon da ya kwaso daga intanet, shi ya fito da kore shar. Ba laifinsa ba ne, ya gane abin da ake aunawa ne kawai. Na rubuta wa kamfanin ƙorafi, aka dawo mini da amsar na'ura, bayan mako uku kuma aka ce in tuntuɓi hukumar makarantarmu, wadda ita ce ta fara ce mini ba ta da iko. Alawus ɗin ƙwazo na wannan zango haka ya wuce ni.

Akwai kuma sashen da ɗalibai ke ba malami maki a ɓoye, wanda a aikace ya zama hanyar ramuwa kan duk mai tsananta aikin gida. Ga cin data, musamman tun da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025, ga shi ba ta buɗewa sai da intanet, alhali a ajina akwai gidan da yara uku ke jiran wayar mahaifiyarsu ta dawo daga kasuwa kafin su yi gwajin da ke rufewa ƙarfe tara na dare.

Na zauna da niyyar ba ta tauraro uku saboda sashen gwaji, wanda har gobe ina amfani da shi, amma da na buɗe ta ɗazu don in tabbatar da wani abu, sai na sake ganin jan layin nan na Oktoba yana nan daram a tarihin aikina, inda duk shugaban da ya zo zai gani. Biyu na ba ta.