The Invasion na P-Square: masu sharhi sun rena shi, amma titi ya ɗauka

Duk wanda yake da wayo a 2011 ya san ba ta yadda za ka yi kwana biyu baka ji muryar tagwayen nan Peter da Paul Okoye wato P-Square ba, ko a motar haya ko a shagon aski ko wajen masu tura waƙa a memori, kana so baka so sai ta shiga kunnenka. A ƙarshen watan Yulin shekarar suka saki albam ɗinsu na biyar mai suna The Invasion a ƙarƙashin kamfaninsu Square Records, waƙoƙi 14, kuma suka yi bikin ƙaddamarwa a filin wasa na Teslim Balogun da ke Surulere a Legas. Filin ƙwallo fa, ba holin otal ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda suka kai a lokacin, don kafin nan sun riga sun yi Last Nite a 2003, Get Squared a 2005, Game Over a 2007 sai Danger a 2009, ga kyautar mawaƙan Afirka ta Kora da suka ɗauko a Wagadugu a 2010, ga Glo ta ɗauke su jakadu. Yaran da suka taso a Jos suka yi makarantar St. Murumba suna kwaikwayon rawar Michael Jackson sun zama manya, ba a Najeriya kaɗai ba.

To ni dai ra'ayina game da albam ɗin bai canza ba, waƙoƙi huɗu zuwa biyar ne suka ɗauki nauyinsa gaba ɗaya, sauran cikon benci ne. Amma waɗannan biyar ɗin wallahi sun yi aiki.

Beautiful Onyinye ce ta buɗe shi kuma ita ce zuciyar faifan. Kiɗan a hankali yake tafiya, jita mai laushi irin ta hailaif ɗin ƙasar Inyamurai, ganga bata cika hayaniya ba, an bar wa murya fili ta yi yawo, kuma amshin nata ko baka jin yaren da ka ji sau biyu sai ka tsinci kanka kana bi da baki. Waƙar aure ce tsantsa, an gina ta ne don lokacin da amarya za ta shigo fili ana mata liƙi, shi yasa ta daɗe a hannun masu kiɗan biki fiye da duk wata waƙa a albam ɗin. Sai Chop My Money da suka yi da May D, yaron da suka ɗauka a kamfaninsu a lokacin, wadda ita kuma ta fi zafi ta fi saurin kama jiki, maganarta guda ɗaya ce saurayi na cewa bai damu ba budurwa ta ci kuɗinsa, kuma abin dariya samarin da suka fi rera ta da ƙarfi sune waɗanda ko kuɗin katin waya sai sun ranta. Forever ma ta yi daɗi, soyayya ce mai natsuwa. Bunieya Enu waƙar yabo ce irin ta coci mai tashe da tafi, ba ni ce aka yi wa ita ba amma ko ni na san an iya haɗa ta. Asamkpokoto kuma ta rawa ce, ba wani dogon tunani.

Daga nan fa sai a hankali. Jeje da suka sake kiran mawaƙiya Waje, wadda muryarta ta ɗaga waƙarsu Do Me a 2007, bata kai rabin waccan ba, kamar an kira ta ne don dai a ce an kira ta. She's Hot da Naeto C ba laifi amma ka gama ji ka manta. Do As I Do da Tiwa Savage da May D haka, ga shi lokacin Tiwa na tasowa da ƙarfi amma ba a bata abin da za ta nuna kanta ba. Shake It Down Low da Muna da Eva Alordiah ita ce ta fi bani haushi, an ɗauko mata biyu masu iya raf an jefa su a kan kiɗan kulob irin na Amurka wanda bai dace da kowa a cikinsu ba, an kuma cika murya da na'urar gyaran murya har ka kasa gane waye Peter waye Paul. Player da Fire da Anything in ka sa su a jere sai ka rantse waƙa ɗaya ce doguwa.

Abin da masu rubuta sharhin waƙa suka riƙe kenan a lokacin, cewa babu sabon abu, kalmomin babu zurfi, soyayya da kuɗi da rawa kullum, kuma dama tun zamanin Get Squared ake musu gorin suna aro daga waƙoƙin Turawa su sa musu rigar gida. Gaskiya ne kuma, ban ga abin musu a ciki ba. Sai dai abin da nake ganin masu sharhin basu so su yarda da shi ba shine P-Square basu taɓa yin waƙa don su ba. Su ƴan kasuwa ne da suka san kwastomansu, kamar mai shayin da ya san daidai yawan sikarin da mutanen layinsu ke so, ba zai canza ba don wani baƙo ya yamutsa fuska. Paul ya fi riƙe ɓangaren rubutu da haɗa kiɗa, Peter rawa da tsara fili, yayansu Jude na riƙe da harkar kuɗi da bidiyo, komai a cikin gida ake yi. Wannan ne ƙarfinsu kuma shine matsalarsu, don babu wani na waje a situdiyo da zai ce musu kai wannan waƙar ku cire ta.

Sannan a duba shekarar da ya fito. Wata ɗaya da ɗan wani abu kafin shi Wizkid ya saki albam ɗinsa Superstar, a Oktoba kuma Ice Prince, shima ɗan Jos, ya fito da nasa albam na farko, ga Davido na shigowa. Kiɗan Legas na canza salo a gaban idon kowa, yara na zuwa da sabon sauti, su kuwa tagwayen suka tsaya a kan abin da suka saba. Duk da haka a bikin karrama mawaƙan Najeriya na Headies na 2012 The Invasion ne ya ci kyautar albam na shekara. Ni dai da ni ke rabo Wizkid zan ba, ba ko tantama, don Superstar ka iya sa shi daga farko har ƙarshe baka taɓa waya ba, The Invasion kuwa sai yatsanka na kan maɓallin tsallakewa. Ina ganin girman suna aka ba kyautar fiye da faifan kansa.

Abin da ya ƙara wa albam ɗin tsawon rai ma ba a cikinsa yake ba. A ƙarshen 2011 suka ƙulla da kamfanin Akon wato Konvict Muzik, a 2012 aka sake Chop My Money da Akon a ciki, aka sake Beautiful Onyinye da Rick Ross. Na Akon ya zauna daram, muryarsa ta shiga kiɗan kamar dama da shi aka tsara. Na Rick Ross kuwa har yau ban gane me ya je yi a waƙar amarya ba, ya zo ya yi gurnaninsa ya lissafa dukiya ya tafi, amma dai sunan ya buɗe musu ƙofa a waje kuma yawancin mutane yanzu wannan sigar suka sani, da yawa ma basu san akwai ta asali ba. May D kuma bai kai ƙarshen 2012 a kamfanin ba aka raba gari.

Akwai waƙa ɗaya a ciki, Me and My Brother, wadda a lokacin ba wanda ya kula ta sosai, yanzu kuwa bayan rabuwarsu a 2017, shiryawa a 2021, da sake ɓaɓewa a 2024, in ka ji ta sai jikinka ya yi sanyi, duk da a matsayin waƙa dai matsakaiciya ce.

In baka taɓa sauraron P-Square a albam ba kar ka fara da wannan, nemi Game Over tukuna. In kuma biki gare ka kana haɗa wa dije waƙoƙin da, ɗauki Beautiful Onyinye ta asali ba ta Rick Ross ba, ɗauki Chop My Money ta Akon, ƙara Forever, sauran ka bar wa masu tara tarihi. A cikin goma na bashi shida.