Gargaɗi kan ekstenshin ɗin AI na kyauta da ake tallawa: sun kwashe shafin ƙanwata

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah duk mai aiki da laftof, musamman masu shafin kasuwanci da 'yan makaranta masu rubuta furojet, ku daure ku karanta wannan, a gidanmu abin ya faru ba ji na yi a bakin wani ba.

Ƙanwata tana sayar da atamfa da leshi, shekara da shekaru tana gina shafinta na Facebook da guminta. Kwanaki ta ga wani talla wai ka saka AI a gefen burauzarka, zai rubuta maka tallan kaya, ya fassara maka zuwa Turanci, ya amsa wa kwastomomi, duk kyauta ko sisi ba za ka biya ba. Ta danna ta saka a Chrome, irin 'yar ƙaramar manhajar nan da ake ƙara wa burauza wadda ake kira ekstenshin. Wani ɗan akwati ya fito yana neman izinin karantawa da canza duk bayananta a duk shafin da ta shiga, ita kuma kamar yadda dukkanmu muke yi ba ta tsaya karantawa ba ta danna amincewa. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, abin yana aiki fa! Har nuna min ta yi yadda ya tsara mata tallan leshi tana murna.

Bayan 'yan kwanaki da sassafe ta kira ni muryarta na rawa, "Yaya, an fitar da ni daga shafina." Ko da na duba an canza imel, an canza lambar waya, an cire hotonta, sannan ga tallace-tallacen wasu kaya da ba mu san su ba suna ta gudana da katin bankin da ta jona. Ta rantse ba ta ba kowa faswod ba, ba ta tura wa kowa lambar da ake aikowa ta waya ba, kuma gaskiyarta ne, domin ba sa buƙatar ko ɗaya. Idan ka shiga Facebook sau ɗaya burauza tana ajiye wata shaida da ake kira kukis, ita ce take sa gobe ba sai ka sake rubuta faswod ba, to ita ɗin ekstenshin ya kwafa ya tura musu, su kuma suka shiga da ita kamar ita ce da kanta, kai ka ce ka rufe ƙofa da kwaɗo ashe ɓarawon kai ka shigo da shi ɗaki ka ba shi tabarma.

Ashe kuma tsohuwar sana'a ce. Tun watan Maris na 2023 masu binciken kamfanin Guardio suka tona asirin wani ekstenshin mai suna Quick access to Chat GPT wanda ta tallan Facebook ake yaɗa shi yana sace shafukan kasuwanci, bayansa suka sake kama na jabu da ya kwaikwayi ChatGPT for Google, mutum sama da 9,000 sun saka shi kafin a cire. Duka biyun a lokacin a cikin shagon Chrome na ainihi suke, don haka masu cewa "ai daga shagon Google na sauke" wannan ba hujja ba ce.

Ko na kirkin ma ana iya juya shi. A Disambar 2024 'yan damfara sun yaudari masu ƙera ekstenshin da saƙon imel na ƙarya suka karɓe asusunsu, ciki har da na kamfanin Cyberhaven, suka cusa mugun abu ta hanyar sabuntawa a ekstenshin sama da 30, da dama na AI ne, masu amfani da su sun kai wajen miliyan 2.6. Ekstenshin da kansa yake sabunta kansa ba ya tambayarka, ka kwanta da na gari ka tashi da ɓarawo.

Sai wanda ni ya fi tayar min da hankali, wato masu kwasar hira. A Disambar 2025 masu binciken Koi Security suka ce wani ekstenshin mai suna Urban VPN Proxy, mai mutum sama da miliyan 6, tun watan Yuli yake tattara abin da mutane ke rubuta wa ChatGPT da Gemini da Claude har da amsoshin. Ku tuna me muke rubutawa a can, rashin lafiyar da muke jin kunyar gaya wa likita, rikicin aure, bashi, wani har hoton takardar da ke ɗauke da NIN da BVN ɗinsa yake ɗorawa a gyara masa.

Yau ɗin nan ku buɗe Chrome ku rubuta chrome://extensions a wajen adireshi, duk abin da ba ku san shi ba ko kun daɗe ba ku taɓa ba ku cire. Sai an cire sannan a canza faswod, idan ka canza yana nan aikin banza ne, daga nan ka shiga saitin tsaro na Facebook da Gmail ka fitar da duk na'urorin da ke ciki don tsoffin kukis su mutu. In da kati a jone a kira banki a toshe shi. Mai son ChatGPT ya shiga shafinsa kai tsaye. Masu zuwa kafe yin rajista kuma, kwamfutar da ba taka ba kar ka shiga banki ko shafin kasuwancinka a kanta, ba ka san me yaran da suka zauna kafin kai suka saka ba.

Katin mun samu an toshe ranar, amma shafin har yau bai dawo ba. Ta buɗe sabo, yanzu haka tana bin kwastomominta ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp tana roƙonsu kar wanda ya tura kuɗi ta tsohon.