Jakar Iskar Fasinja: Wace Mota Za Ka Saya, Wacce Za Ka Bari?

Kafin ka taya mota ta hannu, fara duba lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, suna ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Idan motar kasuwar Amurka ce, saka lambar a shafin intanet na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, zai nuna maka ko akwai kiranyen da ba a gyara ba, wato sanarwar kamfani cewa a dawo da mota a gyara wani lahani.

Kiranye mafi girma shi ne na kayan kamfanin Takata, mai ƙera jakar iska (jakar da ke kumbura ta kare mutum lokacin hatsari), wanda ya shafi jakunkunan iska kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai. Matsalar tana cikin ɗan gwangwanin ƙarfen da ke hura jakar. An zuba masa sinadarin amoniyum naitiret, akasari ba tare da abin tsotse danshi ba. Shekaru na zafi da laima sai su lalata sinadarin, ranar hatsari ya ƙone da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwanin ya tarwatse, ɓaraguzan ƙarfe su nufi fuska da wuyan wanda ke zaune. Mota na tsufa, haɗarin na ƙaruwa. Shi ya sa a 2024 Toyota ta ce a daina tuƙa wasu Corolla da Matrix na 2003 zuwa 2004 sai an canza gwangwanin ɓangaren fasinja.

To, wacce za ka ɗauka? Wadda dilan kamfani ya gyara, da takarda mai ɗauke da lambar shasinta, ita ce gaba, ko da ta ɗan fi tsada. Wadda kiranyenta ke buɗe ana iya saye, amma sai dila ya tabbatar maka yana da kayan kuma zai yi aikin. A Amurka kyauta ne. Idan motar ta bar ƙasar, tambaya tukuna, kada ka ɗauka haka abin yake. Kafin a gyara, kada kowa ya zauna a kujerar fasinja ta gaba; idan kuwa irin wadda aka ce a daina tuƙawa ce, kada a tuƙa ta.

Wadda ta fi ban tsoro ita ce wadda aka sa wa jakar da aka ciro daga motar da ta yi hatsari, domin mai yiwuwa irin gwangwanin nan ne aka dawo da shi. Wannan a bar ta.

Akwai kuma na'urar auna nauyi da ke cikin kujerar fasinja. Idan ta lalace, jakar na iya ƙin buɗewa ga babba, ko ta buɗe kan yaro. Toyota ta yi kiranye kan wannan a 2023, Honda a 2024.

Murɗa makulli ka zuba wa fitilar SRS, wato fitilar gargaɗin jakar iska, ido: ta kama na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ta mutu. Idan ta zauna a kunne, akwai matsala. Idan ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ta ne don a ɓoye laifi, sai bakanike ya jona kwamfuta ya karanta abin da ke ciki kafin ka ba da kuɗi.