Mota ko jirgin San Ysidro: amsa ga ɗan'uwan da zai riƙa tsallakowa daga Tijuana

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce ya samu aiki a San Diego ta ƙasar Amurka, amma kuɗin haya ya fi ƙarfinsa, don haka yana shirin kama gida a Tijuana ta ƙasar Meziko ya riƙa tsallakowa kullum. Tambayarsa: ya sayi mota, ko ya tako da ƙafa ya hau jirgin ƙasan da ke tashar San Ysidro a bakin iyakar ƙasashen biyu? Malam, in wurin aikinka yana kan layin jirgin nan, ka bar kuɗin motarka a aljihu.

Mashigar San Ysidro ita ce mafi cunkoso a duk mashigan ƙasa na nahiyoyin Amurka. Ƙididdigar gwamnatin Amurka ta nuna motoci wajen 70,000 da masu tafiya ƙasa wajen 20,000 ne ke shigowa ta nan kowace rana. Mutanen Tijuana "la línea" kawai suke ce mata, wato layi, kuma sunan ya dace da ita. Mai mota yakan fito tun kafin assalatu ya shiga sahu, wata rana ya yi awa biyu ko fiye yana matsawa taku-taku, inji na cin mai, masu talla na yawo tsakanin motoci. Ga kuma abin da ba a faɗa wa sabon shiga: inshorar Amurka ba ta wadatar da kai a Meziko, sai ka yanki tasu. Ka haɗa da kuɗin ajiye mota a tsakiyar San Diego, sannan da yamma hanyar I-5 ta sake cushewa da masu komawa gida.

Mai ƙafa ma yana bin layi, ban ce babu ba, kuma tsayuwa ce a kan ƙafa, da sanyin asuba a lokacin hunturu. Bambancin shi ne da zarar ka fito daga ginin binciken da ake kira PedEast, wanda aka buɗe a 2018, jirgin na gabanka, 'yan taku kaɗan ne. Nan ne ƙarshen layin Blue Line, saboda haka jirgin yakan tsaya ya jira, kuma wanda ya yi sauri yana samun kujera. Kada sunan ya rikita ka: layin ne shuɗi a taswira, taragun kansu jajaye ne. Wannan layi shi ne na farko da San Diego Trolley, wato jirgin ƙasa na cikin garin, ya fara da shi a 1981, tun asali don ya haɗa bakin iyaka da tsakiyar gari aka shimfiɗa shi. Yana ratsa Chula Vista da National City da Barrio Logan, ya kai ka tsakiyar birni cikin kamar minti 45. A tashar 12th & Imperial kana iya sauya layi. Tun 2021 kuma an ƙara masa tsawo har jami'ar UC San Diego da cibiyar kasuwanci ta UTC, ba tare da ka sauka ba.

Batun kuɗi ma a fili yake. Lokacin da hukumar sufurin San Diego (MTS) ta fito da katin biyan kuɗin jirgi da bas mai suna PRONTO a 2021, shiga ɗaya dala 2.50 ne, kana da awa biyu na sauya jirgi ko bas kyauta, kuma duk yawan hawanka ba a cire maka fiye da dala 6 a yini ko dala 72 a wata. Ka auna wannan da mai da inshora biyu da gyara. Sai dai ka tabbata ka taɓa katin a na'ura kafin ka hau, don masu dubawa suna shiga taragu.

Akwai mashigar ƙafa ta biyu, PedWest, kusa da kantunan Las Americas. Tana da ɗan nisa da tashar jirgin, kuma an sha rufe ta ko rage mata awanni tun 2020. Ni ba zan ɗora aikina a kanta ba.

To ina mota ta fi? Wuri biyu. Na farko in kana da SENTRI, katin amintattun matafiya na shekara 5 da ake bayarwa bayan bincike da ganawa. Layinsu daban ne, sau da yawa mintuna ne kawai, amma dole duk wanda ke cikin motar ya kasance yana da shi. Na biyu in aikinka na dare ne ko yana nesa da layin. Jirgin yana daina aiki a tsakar dare saboda jiragen kaya na amfani da dogon a lokacin. Idan kuma masana'antun Otay Mesa za ka, ba ka da haɗi da San Ysidro. Can akwai tasu mashigar da basocinta.

Abin da ya fi damuna a tambayarka ba mota ko jirgi ba ne, takardunka ne. Ba ka faɗi wace iri kake riƙe da ita ba. Ɗan ƙasa mai fasfon Amurka yana iya zama Tijuana ya yi ta shige da fice. Mai katin zama na dindindin kuwa, in jami'ai suka ga ya mayar da zamansa Meziko, suna iya cewa ya yi watsi da zaman Amurka, kuma kullum da safe su ne za su tambaye ka inda ka kwana. Meziko ma tana da nata izinin zama da za ka nema. Don Allah ka ga lauyan shige da fice kafin ka biya kuɗin haya.

Bayan nan, ka zaɓi wata Litinin, ka kwana a Tijuana, ka fito daidai lokacin da za ka riƙa fitowa, ka bi layin ƙafa ka hau jirgin har ƙofar wurin aikin, kana duba agogo. In ka dawo ka faɗa mana awa nawa ta ci. Allah ya sa albarka a sabon aikin.