Buhu, lantarki ko ruwa: wace matata ta dace da masana'antar narkar da ƙarfe?

Duk mai shirin sabunta na'urorin tace hayaƙi ya fara sanin abin da tanderunsa ke fitarwa, domin ƙura daban, iskar farar wuta daban. Ƙara wa bututun fitar da hayaƙi tsawo kuwa ba magani ba ne. A Sudbury ta Kanada an gina mai tsawon mita 381 a 1972, amma abin da ya yi shi ne kai gubar nesa.

In dai ƙura ce, ni matatar buhu nake so. Fanka ke jawo hayaƙin ta cikin dogayen buhuna, ƙurar ta maƙale a jikinsu, can iska mai ƙarfi ta buge su ta zube ƙasa. Ƙurar da ta lulluɓe buhun ma ƙara masa iya tacewa take yi. Tana kama sama da kashi 99 cikin ɗari, har da ƙwayoyin dalma da ido ba ya gani, waɗanda ke shiga jinin ma'aikata da yaran maƙwabta. Abin da aka kwashe busasshe ne, sau da yawa ana mayar da shi tanderu a ciro ƙarfen da ke ciki.

Matatar lantarki, wadda ke kama ƙura da cajin lantarki, kuma Frederick Cottrell ya ƙirƙiro ta a 1907, tana jure zafi, sai dai tsada gare ta, kuma ƙurar dalma da tutiya kan ba ta wahala. Matatar ruwa kuwa, mai wanke hayaƙi da ruwa, caɓi mai guba take bar maka. Iskar farar wuta kam buhu ba ya tare ta: sai a wanke ta da ruwan farar ƙasa, ko in tana da yawa, kamar a narkar da tagulla, a mayar da ita asid.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen buhun kansa. Na foliyesta ba ya son zafin da ya wuce digiri 130 a ma'aunin Celsius, na aramid (wani zare mai jure zafi) yana kai wajen 200, na zaren gilashi kusan 260. Wani dillali ya taɓa kawo mana buhuna da sunan aramid, har da takardar shaida. Ba a yi wata huɗu ba suka ƙanƙance, suka yi tauri kamar busasshiyar fata, kana lanƙwasawa suna tsagewa. Kafin mu farga, hayaƙi ya daɗe yana wucewa kan mutane. Har yau abin yana ci mini rai.

Saboda haka kada ka yarda da takarda. Ka yanki samfuri daga kayan da aka sauke, ba wanda aka nuna maka a ofis ba, ka kai ɗakin gwaji. Ka duba ɗinki, domin ana ɗinke yadi mai kyau da zare mai araha. Wanda ya yi maka farashi ba tare da ya auna zafi da damshin hayaƙinka ba, sallame shi: in hayaƙi ya huce fiye da kima, raɓar asid ce za ta cinye buhunan da ƙarafan gaba ɗaya. Kuma ka riƙe wani kaso na kuɗin har sai an yi gwajin hayaƙin da ke fita ta bututu a lokacin da tanderu yake cikakken aiki.