Gidan sinima a Jidda da mintunan farko na fim

Tun da aka sake buɗe gidajen sinima a Saudiyya a 2018, bayan fiye da shekara 30 suna rufe, da abu guda nake auna kowanne: yadda yake nuna farkon fim mai sa faɗuwar gaba. Daren Alhamis ni da ƙanena muka gwada wani da ke arewacin Jidda.

Fim ɗin ya fara ba tare da an ce uffan ba. Kyamara ta bi wani dogon lungu sannu a hankali, rabin allon baƙi ƙirin, sai siririn haske ta ƙarƙashin ƙofa, sannan aka matso dab da hannun wata mata yana karkarwa a kan makulli. Masu shirya irin wannan fim sun fi ɓoyewa fiye da nunawa, domin idon mai kallo ya yi ta laluben duhu yana jiran abin da zai ɓullo. A nan majigin gidan ya burge ni, don baƙinsa na gaske ne, ba toka-toka ba, har ana bambance inuwar mutum da ta labule. Sautin ma ya fito tsaf, takun sawu kamar daga bayanmu yake tahowa.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne ma'aikata sun ci gaba da shigo da waɗanda suka makara, suna haska musu kujeru da fitilar waya, suka wargaza duhun da darakta ya sha wahalar tsarawa. Kujerun ba laifi, amma sanyin ɗakin ya yi yawa, gara mutum ya taho da rigar sanyi.