Nikon Zf: Abin da Ta Iya da Inda Ta Gaza

Duk wanda ya taɓa riƙe kyamarar fim ta Nikon FM2, wadda ta fito a shekarar 1982, zai shaida Zf tun daga nesa. Ga ƙoƙon nan mai kusurwoyi a tsakiyar samanta, ga sunan kamfanin da irin rubutun da, ga kuma mamurɗai na tagulla da aka shafe da baƙin fenti, waɗanda yawan taɓawa zai goge musu baki har launin tagullar ya bayyana. Kamfanin Nikon na ƙasar Japan ya fitar da ita a ƙarshen 2023 a kan kusan dala 2,000, kuma wannan kuɗin jikin ne kawai, ban da gilashin da ake ɗaurawa a gabanta. Ya riga ya gwada irin wannan dabara a kan Df a 2013 da Z fc a 2021, amma Zf ce ta farko a gidan da ta haɗa tsohuwar siffa, da jiki irin na zamani marar madubi a ciki, da babbar sensa, wato farantin da ke karɓar haske a madadin fim, mai faɗin fim ɗin milimita 35.

Abin da ke cikinta bai da alaƙa da tsufa. Sensar tana da megafiksel 24.5, adadin da ba zai burge mai son manyan lambobi ba, sai dai yana da amfani a inda haske ya yi ƙaranci, domin hoton da aka ɗauka bayan magariba ko a cikin ɗaki mai ƙwan lantarki ɗaya yana fita da tsabta, launin fata kuma ba ya lalacewa. Ƙwaƙwalwar da ke sarrafa hoton ita ce Expeed 7, wadda aka sa a Z8 da Z9 masu tsada fiye da ita nesa ba kusa ba. Saboda haka kyamarar tana gane idon mutum, da kare, da kyanwa, da tsuntsu, da mota, da jirgi, ta kafe a kansu ko suna motsi. Na'urar da ke rage rawar hannu ma tana da ƙarfi, kuma tana mai da hankali a kan wurin da mai hoto ya saita ido, ko da a gefen hoton yake.

Abubuwa biyu ne suka fi jan hankalina. Na farko shi ne ɗan makunnin da ke ƙarƙashin mamurɗin saurin ɗauka, wanda da tura yatsa ɗaya yake mayar da komai baƙi da fari, har abin da ido ke gani a maleƙi. Mutum zai ɗauka ƙaramin abu ne, amma idan launi ya gushe, ido yakan koma kallon inuwa, da naɗin rawani, da yadda haske ya faɗo a gefen fuska. Na biyu shi ne yadda take karɓar tsofaffin gilasan da ake saitawa da hannu. Idan aka ɗaura su ta hanyar adafta, wato zoben da ke haɗa tsohon gilashi da sabon jiki, kyamarar tana ci gaba da nemo idon wanda ake ɗauka, sai mai hoto ya ƙara girman wurin ya murɗa har ya fito tas. Mai tsohon gilashi a akwati zai ga kamar dominsa aka ƙera ta.

Matsalar tana farawa ne daga tafin hannu. Nauyin jikin ya kai giram 710 da batir a ciki, amma gabanta kusan a shafe yake, mariƙin bai wuce ɗan tudu ba. Da ƙaramin gilashi irin 40mm f/2 ko 28mm f/2.8 babu damuwa. Da zarar an ɗaura babban gilashi mai jawo nesa, nauyin yakan rinjayi gaba, yatsu su rasa abin kamawa, shi ya sa masu ita da yawa suke sayen ƙarin mariƙi su ɗaura, wanda kuma yake rage kyan da aka biya kuɗi dominsa. Mai ɗaukar hoton biki tun daga ɗaurin aure har liyafar dare ya kamata ya auna wannan da kyau kafin ya saya.

Mamurɗan kansu, duk da daɗin ƙarar da suke yi a hannu, aikinsu bai kammala ba. A kyamarar da, abu uku ake gani ba tare da an kunna komai ba: saurin ɗauka, da ƙarfin fim, da faɗin ƙofar haske a jikin gilashi. A Zf akwai na farko da na biyu, amma waɗancan ƙananan gilasan biyu da aka yi musu ado irin na da ba su da zoben ƙofar haske mai lambobi, sai dai a murɗa wata ƙaramar taya a gaba, a duba lambar a wata 'yar taga da ba ta kai farce ba. Bugu da ƙari, akwai makunnin zaɓen yanayin ɗauka a gefen hagu, wanda idan yana kan wani matsayi, lambar da ke kan mamurɗin sauri ba ita kyamarar take bi ba. Wanda ya saba da Fujifilm X-T5, inda yawancin gilasai ke da zobensu, zai ji cewa Nikon ta tsaya a tsakiyar hanya. Ita X-T5 ɗin ta fi sauƙin nauyi kuma tana da megafiksel 40, ko da yake sensarta ƙarama ce.

Sauran raunin ƙanana ne, amma suna taruwa. Gurbin katin ajiya biyu ne, ɗaya SD ɗaya microSD irin na waya, duka a cikin ɗakin batir ta ƙasa, kuma ciro ƙaramin yana da wuya, gara a bar shi a ciki a matsayin madadin ajiya. Babu ɗan maɓallin nan na babban yatsa da ake matsar da wurin saiti da shi. A bidiyo tana ɗaukar 4K, amma a hoto 60 cikin daƙiƙa sai ta yanke gefen sensa, faɗin kallo ya ragu. Batir ɗaya, a awon da masana'antar ke amfani da shi, bai cika hoto 400 ba, don haka na biyu ya zama dole.

Abin da ya ƙara tsananta hukunci a kanta shi ne fitowar Z5 II ta Nikon a 2025, mai megafiksel iri ɗaya da Expeed 7 ɗin nan, da mariƙi mai cika hannu, da gurbin SD biyu, kuma farashin da ta fito da shi ya gaza wanda Zf ta fito da shi da kimanin dala 300. Wanda kyamara ce hanyar abincinsa, a ganina, can ya fi dacewa ya nufa. Zf ta fi dacewa da mai yawo da ƙaramin gilashi ɗaya, wanda ba ya gaggawa, kuma ya yarda ya biya ƙarin kuɗin domin tagullar da ke ƙarƙashin yatsunsa.